Cibiyar da Inna ta binne

"Adda, kun adana jinin cibiyarsa?" Ƙanena ne a waya daga Faransa, yana tambaya kan ɗana Sadiku, wanda rashin iska wajen haihuwa ya taɓa wa ƙwaƙwalwa.

Wai a can ana gwada jinyar irin yaran nan da ƙwayoyin halittar jinin cibiya.

Na ce, "A adana a ina? A asibitin da aka karɓi haihuwar da fitilar waya? Inna ta wanke cibiyar, ta binne bayan ɗakinmu a Garuwa, yadda aka binne taka."

A wurin nake shanya kullum, Sadiku a bayana, wuyansa har yau bai tsaya ba.

Ku faɗa min, da wa zan yi fushi?