Wurin Da Ban Auna Ba

Shekaruna ashirin da bakwai a lokacin, ina karatun digiri na biyu a fannin ilimin ƙasa da duwatsu, ɓangaren neman ruwan ƙarƙashin ƙasa. Haifaffiyar cikin garin Daura ce ni, mahaifina tela ne, kuma shi ya tsaya tsayin daka sai na yi karatu mai zurfi duk da surutun dangi. Ni kaɗai ce mace a ajinmu. Idan an fita daji duba duwatsu, maza su yi ta tsokanata wai in ba su gudumata su riƙe mini kada in karye. Wannan ya sa na zama mai kafiya da saurin baki, na ɗaukar wa kaina cewa ba zan taɓa furta kalmar ban sani ba a gaban namiji. Burina in gama in samu aiki a babban kamfanin haƙar ruwa, in nuna wa kowa. Ina roƙon Edita ya sakaya sunana. Na rubuto ne domin na bari an ɗora wa wani tsoho laifina har ya koma ga Mahaliccinsa, abin kuma ya hana ni sakat.

Aikinmu ba shi da wuyar fahimta. Akwai na'ura da muke kafa wa turakun ƙarfe a ƙasa, mu ja waya, mu tura lantarki, ita kuma ta nuna mana zurfin da wutar ta wuce cikin sauƙi. Inda ruwa yake wuta tana wucewa da sauƙi, sai dai yumɓu mai danshi ma haka yake yi, na'urar ba ta bambance su. Farfesan da ke duba aikina ya sha jan kunnenmu a kan haka. Yakan ce kada mu kuskura mu yanke hukunci da awo ɗaya ko biyu, kuma duk garin da muka shiga mu fara neman tsofaffin mahaƙa rijiya mu zauna da su, domin sun shiga cikin ƙasar da jikinsu, mu kuwa a takarda muka gan ta. Ina rubuta maganar a littafina, amma a raina ina ganin irin zancen tsofaffi ne.

Ina da goggo, ƙanwar mahaifina, da ke aure a wani ƙauye ta wajen Zango. Ruwa ne babbar matsalarsu. Da zarar an gama girbin gero da gyaɗa, rijiyoyin gari su ƙafe, mata su riƙa tafiya mai nisa da jarkoki a ka, masu jakuna su ɗora wa jakunansu, Fulanin da ke gefen gari su kora shanu wani wuri. Sai wani ɗan garin mai fataucin dabbobi zuwa kudu ya yi alkawarin haƙa musu rijiyar burtsatse, sadaka ga mahaifiyarsa da ta rasu. Ya faɗa a fili cewa rami ɗaya zai iya, injin zai zo sau ɗaya ya tafi, don haka a nemo masani ya nuna wuri. Goggo ta bi gida gida tana cewa ba sai an je Katsina ko Kano ba, 'yar yayanta ta karanci abin har ta ƙoshi. Mai unguwa ya aiko, ni kuma na yi murna, domin na ga zan haɗa da binciken digirina. Na ari na'urar sashenmu ta kwana biyu na hau mota.

A zauren mai unguwa aka gabatar mini da wani tsoho siriri, mai kaushin hannu, aka ce kusan duk rijiyar da ke yankin shi ya haƙa ta ko mahaifinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na kira shi Baba, shi kuma ya riƙa ce mini 'yata. Mutanen gari suna son rijiyar a filin bayan masallaci saboda kusa ne, ko kuma a gefen makarantar firamare. Tsohon ya ce cikin ladabi filin bayan masallaci ba zai ba da ruwa ba, domin ya taɓa haƙawa a kusa da nan ya yi zurfin gaba goma sha biyu yana fitar da yumɓu mai santsi irin wanda masu ginin tukwane ke so. Ya ce in ana son ruwa a je kwarin da ke bayan gonaki, inda itatuwan gawo suka yi layi, can akwai rairayi da tsakuwa a ƙasa. Wani a zauren ya yi dariya ya ce to ai an gama, Malama ta koma gida, Baba ya yi aikin ba tare da inji ba. Wannan dariyar ce ta shiga raina. Na amsa da cewa zamani ya wuce aikin kintace, na'ura za ta faɗi gaskiya. Tsohon ya sunkuyar da kai.

Mazan gari suka taya ni jan waya da buga turaku. Gefen makaranta ya nuna dutse a kusa, na yar da shi. Da muka auna bayan masallaci lambobin suka faɗi ƙasa sosai, alamar wuta ta wuce da sauƙi irin yadda ake so, na ji daɗi har cikin raina domin awon ya ƙaryata tsohon. Gargaɗin farfesa ya faɗo mini, na kawar da shi. Saura kwari. La'asar ta yi, batirin ya yi sanyi, ni ma na gaji, kuma gaskiyar magana ba na son in auna wurin, ina tsoron ya fi nawa kyau. Na sallami mutane na ce gobe da safe zan dawo da ma'aikacin sashenmu mu bi ta bayan gari mu auna kwarin, ba sai kowa ya wahala ba. Ban dawo ba. Bayan kwana uku na aika wa mai unguwa takarda cewa na auna wurare uku, bayan masallaci ne ya fi. Har lambobi na ƙirƙira wa kwarin na zuba a kwamfuta, kuma su na saka a kundin digirina.

Ranar da injin ya zo gari ya cika, mata suna guɗa, goggo ta yi ɗaurin ɗankwalinta na biki ta zauna a gaba. Ina tsaye ina kallon abin da ke fitowa daga ramin. Jar ƙasa ta wuce, sai yumɓu, toka toka, mai maiƙo. Na murza shi a yatsuna na gane irin wanda tsohon ya faɗa ne. Direban injin ya kalle ni, na ce a ci gaba. Aka yi kwana biyu ana haƙa, yumɓu kawai ke fitowa, daga ƙarshe aka ci karo da dutse. Ɗan ruwan da ya taru ko bokiti biyar bai cika ba ya ɗauke. Aka toshe bakin bututun, injin ya kama hanya. Mai fataucin dabbobin ya ce haka Allah ya so, ya yi iya nasa. Na shirya jin zagi, amma babu wanda ya ce mini uffan, mai unguwa ma godiya ya yi mini.

Bayan wata guda goggo ta zo Daura ta ce in kwantar da hankalina, an gano bakin zaren. Wai tsohon ne ya ɗaure ruwan saboda an ƙi wurinsa kuma an kunyata shi a zaure, in ba haka ba yaya za a yi inji ya ga ruwa sannan ruwan ya gudu. Ta faɗa da iyakar gaskiyarta, tana kare ni. Ina zaune ina tsinke zogale, na ce Allah ya kyauta. Abin da na iya faɗa ke nan. Saura makonni in kare kundina a gaban malamai, kuma na san idan maganar lambobin ƙarya ta fito karatun ya tashi a banza. Daga baya na riƙa jin labari a bakin goggo: an daina kiransa yasar rijiya, an daina sa shi a shawarar gari, mata in sun dawo daga ɗiban ruwa suka wuce ƙofar gidansa sai su yi tsaki. Ni kuwa na ci jarrabawa da yabo, na samu aikin da nake buri, ana kirana Injiniya.

Shekara huɗu garin yana cikin wahalar ruwa. A shekara ta huɗun tsohon ya rasu. Ba a daɗe ba wata ƙungiya ta kawo aikin ruwa yankin, masaninsu ya auna kwarin gawo, aka haƙa, ruwa ya yi tsiri. Na ɗauka wannan zai wanke shi, sai na ji ana cewa ai da ya mutu ne ɗaurin ya kwance. A nan na kasa ci gaba da shiru. Na je garin, na roƙi mai unguwa ya tara dattawa da goggo da babbar 'yar marigayin, na faɗi komai da bakina, ina kuka. Goggo ta rufe fuska da mayafi, ba ta iya kallona ba.

'Yar tasa ce ta yi magana, a hankali. Ta ce mahaifinta ya sani tun ranar. Wai da asuba ya tafi kwarin da tabarmarsa da butarsa don ya nuna mini inda zan kafa turakun, ya zauna har rana ta faɗi bai ga kowa ba. Ta ce ta sha roƙonsa ya faɗa wa mutane ya wanke kansa, yakan ce a'a, yarinya ce mai karatu, idan aka ji haka babu wanda zai ƙara barin 'yarsa ta wuce firamare a garin nan, shi kuma ya riga ya tsufa. Ta ce ya yafe mini tun yana raye, amma ita tana bukatar lokaci. Ban ga laifinta ba.

Na je na faɗa wa farfesa, na kuma rubuta wa sashen cewa lambobin kwarin ƙarya ne, na bar musu hukunci. Duk abin da suka yanke ba zai kai abin da nake ji ba, domin wanda ya kamata in durƙusa a gabansa ba ya nan. Ina kira ga 'yan'uwana masu karatun ƙasa da ruwa da ma'adinai, musamman masu zurfafawa don bincike ko aikin kamfani: lambar da ka rubuta a takarda akwai mutanen da za su rayu a kanta. In ba ka auna ba, ka ce ban auna ba. In ba ka sani ba, ka faɗa, ko da za a yi maka dariya. Ku girmama waɗanda suka san ƙasa kafin ku, kuma idan kun yi kuskure ku fito da shi da wuri, tun wanda kuka cuta yana da kunnen jin ban haƙurinku. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya yi wa Baba addu'a. Allah ya jiƙansa, ya shayar da shi daga ruwan Aljanna, ni kuma ya yafe mini.