Itatuwa Uku a Bakin Idon Ruwa

Wata rana wata mai zana taswira ta sauka a wani ƙauyen manoman koko da ke cikin kurmi, ta nemi Malam Dantala, wani dattijo cikin manoman.

Malam Dantala mutum ne mai wayo, kuma ya san da haka.

Shi ba ya sare itace. Zarton inji ƙara gare shi, ƙara kuwa ita ke kawo ma'aikatan gandun daji. Sai dai ya zagaye gindin itace ya sassaƙe ɓawon, ya yi tafiyarsa. Itacen ya mutu a tsaye, rana ta shigo, shi kuma ya dasa koko.

Shekara tara yana haka. Na bakin hanya bai taɓa ko ɗaya ba, duk mai wucewa kurmi yake gani.

Matar ta gaishe shi da ladabi, ta buɗe kwamfutarta. Ta ce hotuna ne da tauraron ɗan'adam ke ɗauka daga sama, shekara bayan shekara.

Na farko kore shar.

Na biyu, wasu ɗige-ɗige masu ruwan toka.

Tana matsawa suna yawa, suna tafiya gabas kamar ƙyasbi a fata. Ta ce kowane ɗigo mataccen itace ne. Malam Dantala ya gane su ɗaya bayan ɗaya.

A hoton ƙarshe sun tsaya daf da idon ruwan da duk ƙauyen ke sha, har da jikokinsa. Ta ce a ƙauyuka biyu da ta baro, da inuwar idon ruwa ta tafi, ruwan bai ƙara rani biyu ba.

Ta ɗora yatsa a kan wani ɗan kore.

"Baba, ku kun yi sa'a. Manyan itatuwan nan uku ne suka rage, su ke riƙe muku ruwan."

"Yaushe aka ɗauki hoton nan, 'yata?"

"Watan jiya."

Malam Dantala ya sake duban ɗan koren nan.

Ranar Asabar da ta wuce ya sassaƙe su, duka ukun. Ganyensu na nan kore, ba wanda ya sani tukuna.

Darasi: Ɓarnar da ka yi a ɓoye ba ta tsayawa a gonarka. Kafin a gan ta, ta riga ta kai bakin ruwan da 'ya'yanka ke sha.

Tura wa wani manomi tun ɓawon na jikin itacensa.