Tafki Biyu na Limbani

Tiyamike Chirambo ta fara da koyar da lissafi a sakandare, kafin wata kwalejin kiwon kifi a Zomba ta ɗauke ta. Ɗalibanta masu binciken halittu ne, kuma rabinsu gudun lissafi ne ya kai su can. Da wuya su nemi ofishinta sai aiki ya ƙare, su zo da tarin alƙaluma kamar masu kawo wanki. Ita kuwa ba ta duba takardar kowa sai ta ga inda aka yi aikin da idonta.

Haka ta bi wani ɗalibi, Limbani, bakin tafkunansa. Ya haɗa sabon abincin karfasa da dusar masara da ganyen zogale, digirinsa duka a kai ya rataya. Ya ciyar da tafki ɗaya da haɗinsa, ɗayan da na kasuwa.

"Kifi ɗari huɗu na auna, Malama, ɗaya bayan ɗaya. Nawa sun fi ƙiba nesa ba kusa ba."

Ta dubi tafkin haɗinsa yana shan rana. Ɗayan kuwa bishiyar mangwaro ta lulluɓe shi, ruwan sanyi ƙalau.

"Ɗana, ba kifi ɗari huɗu gare ka ba, tafki biyu gare ka. Abincin ne ya ƙara musu ƙiba, ko ranar?"

"Haba Malama, abincin mana."

"Da me ka sani?"

Tausayinsa ya kama ta ƙwarai, don ta san an riga an gaya wa mahaifiyarsa ranar yaye ɗalibai. Amma ta ƙi sa hannu. Ta sa ya sake gwajin, ya kafa kejin raga guda goma sha biyu a cikin tafki ɗaya, suka rubuta lambobi a marfin kwalba, suka jefa ƙuri'a kan kifin wane keji zai ci wane abinci. Aka yaye abokansa yana cikin ruwa har ƙugu. Ya daina gaishe ta, abin ya yi mata zafi, ba ta gaya wa kowa ba.

Bayan damina ya shigo ofishinta da sabon sakamako, ya yi lissafin da kansa.

"Babu bambanci, Malama. Haɗina bai fi na kasuwa da komai ba."

"To, rubuta hakan. Shi ne digirinka."

Can ya ce, "Kawuna ya so ya sayar da akuyoyinsa ya fara haɗa abincin nan nawa. Na ce masa ya bari."