Kwamfutar da ta ɗauko halin inna

"Mi ya same ta kuma?" in ji Kawu Sule, dillalin shanu daga Moriki, yana leƙen kwamfutar shagona a Kaura. Gayyatar sunan jikarsa nake buga masa, motar Zurmi da zai hau kuma ta kusa cika.

Na ce, "Kawu, tsufa ne. Da zarar manhajar rubutu ta aiki ƙaramar manhaja ta duba kurakurai, sai komai ya tsaya cak. Ko harafi ba ta karɓa sai 'yar aiken ta dawo."

Ya tuntsire da dariya. "Halin innata ke nan, Allah ya jiƙanta! In ta aike ka kasuwa, bakin ƙofa take tsayawa, tuwo na ƙonewa. Bar motar ta tafi. Ba a yi wa tsoho gaggawa."

Wallahi na fasa sayar da ita. Ku wa ta tuna muku?