Abin da Baba Ya Rubuta da Ajami

Babana lebura ne a tashar jirgin ƙasa ta Nguru tun zamanin Turawa. Buhunan gyaɗa ya yi ta ɗauka har bayansa ya ranƙwafa. Bai yi boko ba, amma ban taɓa ganin mai gardamar siyasa irinsa ba. In ana labarin Afirka ta Kudu a rediyo, har rediyon yake mayar wa da martani.

Yakan nuna mana layin dogo ya ce, "Daga nan sai teku. Da don mu aka shimfiɗa shi, me ya hana shi ƙarasawa Gashuwa?" A cewarsa, kafin gyaɗa mutane aka riƙa kwasa zuwa tekun nan, kuma baƙaƙen fata da ke can ƙetare danginmu ne da ba su dawo ba.

Da ya bar aiki sai ya zauna rubuta duk wannan da ajami, da alƙalamin kara da tawadar da ya dafa da kansa. Shekara da shekaru yana yi, yana tarawa a adakarsa. Na taɓa tsokanarsa, "Baba, wa zai karanta maka ajami yanzu?"

Ya harare ni. "Ƙasa Turawa suka karɓe, sannan suka karɓe mana hannun rubutu. Ba zan kai ƙararsu da rubutunsu ba."

Amma da idonsa ya fara dushewa, shi da kansa ya sauko. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gashuwa. Na je hutu, ya kira ni zaure, bai ko yarda mun haɗa ido ba.

"Uwata, ki zauna in faɗa miki, ki juya shi boko. 'Ya'yanku shi suka iya."

Na san abin da ya haɗiye kafin ya faɗi haka. Duk da haka na ce sai hutu mai zuwa. Hutu uku ina faɗa masa haka. Gaskiyar magana, gani nake surutun tsufa ne, ni kuwa mai takardar shaidar malanta ce. Har yau in na tuna, kunyar kaina nake ji.

Da damina ya rasu. Bayan sadakar arba'in na koma Nguru ɗaukar adakar, da niyyar neman malamin da zai karanta mini. Na buɗe na tarar ba kome sai warin gara.

Goggo, yayar Baba, tana zaune bakin murhu tana gyaran busasshen kifi. Na tambaye ta ina takardun.

"Ai na hutar da ke, 'yar nan. Gara ta shiga, ɗakin kuma yoyo yake, har iska ta fara watso su tsakar gida. Kowacce na ɗaga bisimilla ce a samanta. In bari awaki su taka sunan Allah?"

Ba ta iya karatu ba, amma ta san siffar bisimilla. Haka ake yi a wajenmu: takarda mai baƙaƙen Larabci ba a yar da ita. Sai da ta yi alwala, ta ƙona su ɗaya bayan ɗaya, ta binne tokar a gindin darbejiya inda ba a bi. Ta nuna mini wurin, tana jiran in yaba.

Wa zan yi wa faɗa? Na ce, "Allah ya saka da alheri, Goggo." Na shiga zaure na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Daga baya na sayi sabon littafin rubutu mai kauri, na zauna in cika masa alkawari da abin da na riƙe a ka. Na rubuta maganar layin dogo, da ta teku, da ta hannu. Na yi ta lalube, ba ƙari. Adaka guda ya bari, nawa bai cika shafi ɗaya ba.