Koriya, Fara da Turmin Inna

Daga Kano zuwa Bebeji

Mun bar gida ana idar da sallar asuba, wata Asabar cikin watan Agusta, a shekarun nan da wahalar mai ta koya wa kowa ɓoye jarka a ƙarƙashin gado. Ni da Mudi ne, ɗan kawuna, wanda dillancin motoci ne sana'arsa, tsokanata kuma abincinsa. Taubashina ne, saboda haka shekaruna hamsin da digirina ba su taɓa hana shi faɗin komai ba.

Ya kamata in fara da dalilin tafiyar. Mahaifiyata, Inna, tana ƙauyenmu a bayan Doguwa, cutar yanar ido ta rufe mata idanu biyu. Likita ya ce aikin mai sauƙi ne, muddin an kawo ta Kano kafin abin ya yi nisa. Zuwanta na farko a bayan babur aka fito da ita bakin titi, aka cusa ta motar haya tsakanin buhunan masara. Da ta koma gida ta ce ta yafe ganin, a bar ta. Shi ya sa na ƙudurta sayen babbar jif wadda za ta isa ƙofar gidanta ko da tsakiyar damina, ta kuma ɗebe iyalina gaba ɗaya ranar biki ko sallah.

Mudi ya samo guda biyu, muna kiran kowacce da launinta. Fara 'yar Kwatano ce, ita muka fito da ita. Koriya tana Bebeji, wurin wani Alhaji Sule da ya saye ta a gwanjon ma'aikatar gona. An amince in gwada su duka har ƙauye, mai kuma a wuyana.

A wurin aiki an san ni da ɗaure fuska. Amma da na hau Fara na hango rufin tasi a ƙarƙashina, sai na tsinci kaina ina danna hon babu kowa a gabana.

Mudi ya ce, "Malam, bawan Allah, ba a saya ba tukuna, ka rage wa hon ɗin rai."

Bebeji

Mun tarar da Alhaji Sule a ƙofar gida. Aka gaisa, aka tambayi ruwa da iyali, ya sa aka kawo koko da ƙosai, sa'an nan ya kai mu gindin darbejiya inda Koriya take. Doguwa ce ƙwarai, fentinta ya koɗe, kaza kuma ta yi ƙwai a kujerar gaba.

Mudi ya zagaya ta ya ce, "Alhaji, wannan ai ta girmi Malam."

Alhaji ya ce, "Kyau dai ba ta da shi. Amma tunda na saye ta ba ta taɓa kwana a hanya ba."

Murɗa mabuɗi ɗaya ta tashi, da rugugin da ya watsa kajin unguwar.

Kafin Maiyaƙi zuwa Tudun Wada

A Kafin Maiyaƙi muka tsaya wurin 'yan bumburutu, nan na fara gane halin kowacce. Fara fetur take sha, kuma shan rani take yi masa. Koriya dizal ce, kamar ma ba ta taɓa abin da aka zuba mata ba. A shingen Kwanar Ɗangora wani ɗan sanda ya ga jif biyu a jere, ya ƙame ya sara mini, ya ce, "Ranka ya daɗe, a sauka lafiya." Na ɗaga masa hannu a hankali, kamar wanda ya saba.

Da muka tsaya musayar mota Mudi ya ce, "Kada ka ruɗi kanka, Fara aka sara wa."

Na karɓi Koriya. Sitiyarinta kamar kokawa, kujerarta kamar benci, amma da ya zo zai wuce ni sai na taka ta. Ni da nake yi wa 'ya'yana wa'azi a kan gudu, na yi tsere da ɗan kawuna tsakanin gonakin shinkafa, ina dariya ni kaɗai, hulata ta faɗo kan cinyata. Na tambayi kaina ko don Inna nake wannan sayayya ko don yaron da ya ɓuya a cikina tun ina firamare. Ko ma don wa ne, ban ɗaga ƙafa ba.

A Tudun Wada muka ci tuwon shinkafa da miyar taushe a wata rumfa kusa da tasha. Muna wanke hannu ruwa ya sauko. Nan Koriya ta nuna aibinta: rufinta yana ɗiga daidai kafaɗar direba. Mudi ya wuce ni cikin Fara, gilasai a rufe, yana nuna mini da hannu wai sanyi ya ishe shi.

Dajin Falgore zuwa Doguwa

Ruwan ya ɗauke muna tsakiyar dajin. Birai sun fito kan kwalta suna shan iska, babbansu ya ƙi matsawa sai da ya gama ƙare mana kallo. Mudi ya leƙo ya ce in sauka in gaida yayana. Muna fita daga dajin garken shanu ya tsare mu, muka sayi kindirmo wurin wata Bafillatana, wadda ta ce ita in kyauta za a ba ta, farar take so. Sau biyu ke nan ana zaɓar Fara, zuciyata ma ta fara karkata.

Bayan azahar muka bar kwalta a Doguwa. Rafin da ke gaban ƙauyenmu ya kawo ruwa har cinya. Na sa wa Koriya ƙaramar giyar nan mai jan tayoyi huɗu, ta shiga tana gurnani ta fita kamar saniya. Mudi ya biyo ni da Fara. A tsakiyar ruwa ta yi tari biyu ta mutu.

Na tsaya a gaɓa na ce, "Dillali, yaya sanyin?"

Ya ce, "Malam, don girman Allah kawo sarƙa, kifi ya fara shigowa!"

Da sarƙar da Alhaji Sule ya bari a bayan Koriya muka jawo ta. Kafin ta fito na riga na yanke hukunci: Koriya zan saya.

Ƙauye

Ga wanda bai san gidanmu ba, ni ne ɗan farin Inna. Tunda na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta yi mini magana kai tsaye, ba ta haɗa ido da ni. In na durƙusa gaisuwa, bango take amsa wa. Ƙanwata Ladi ce ke kai saƙo tsakaninmu, ko da muna kan tabarma ɗaya. Ta bakin Ladi ta ce za ta duba motar da safe.

Da hantsi Ladi ta riƙo hannunta suka fito, rabin ƙauyen na biye. Ta shafa jikin Koriya, ta laluba ƙofa, ta ɗaga ƙafa. Ƙafar ba ta kai ko rabi ba. Sai a lokacin na lura Fara tana da matakin ƙarfe a gefe, Koriya ba ta da shi. Na gwada inji, na gwada giya, na gwada ruwa, ban tuna gwiwoyin tsohuwa ba. Fara kuwa tana can buɗe da baki ana shanya mata fulogi, ba mai yarda ta sake shiga rafin da Inna a ciki.

Na miƙa hannu in tallafe ta. Ta janye jikinta, ta ce, "Ladi, ki ce wa wancan ya matsa."

Mudi ya ce, "Gwaggo, ni ai ba ɗan fari ba ne, bari in ɗaga ki."

Ta ce, "Buhun gero ce ni? Ja can, ja'iri."

Ta juya za ta koma gida. Duk murnar jiya ta zube mini, na tabbata in ta shige zauren nan ba za ta ƙara fitowa ba. Sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce a mirgino mata turmi, a haɗo da kujerar tsugunno.

Ladi ta ce, "Inna, turmi fa? Ke da kike dukanmu in mun zauna a kai?"

"Zama na hana ku. Kife shi."

Daga ƙasa ta taka kujera, daga kujera ta taka turmi, ta dafa kafaɗar Ladi, sai ga ta a kujerar baya tana gyara mayafi. Mata suka rangaɗa guɗa. Ta ce a saka turmin a baya, don ba ta san da me za ta sauka a birni ba.

Komawa

Mudi ya tsaya jiran Fara ta bushe, ni na ja Inna da Ladi. Mun haye rafin ba ta ko dafa kujera ba. Da muka hau kwalta na gyara madubi, sai ga fuskarta a ciki sosai, ta saitin da ban taɓa samu ba. Na ga zanen da ke kumatunta, na ga goshina ne a fuskarta. Tunda ba ta gani, na yi ta kallo abina, daga Doguwa har muka shiga Falgore.

Can sai ta ce, "Ladi, ki ce masa ya dubi hanya."

Ladi ta tuntsire da dariya. Ni kuwa na dubi hanya har Kano, ko da yake sai da na yi ta share ido kafin in gan ta da kyau.

Mun iso gida gab da magariba. Yara suka sauke turmi suka kife, Inna ta taka ta sauko a tsakar unguwa, maƙwabta na kallo. Cikin makon aka yi mata aikin idon dama, na hagu sai bayan kaka, kuma ta ce za ta dawo. Koriya ta zama tamu, an liƙe rufinta, turmi kuma ya sami mazauni kusa da safayar taya.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Alhaji Sule saboda sarƙarsa, da Ladi saboda aikin tafinta, da Mudi, wanda ya iso washegari da Fara, yana atishawa.