Abdulghani da Jerin Gwanon Ammu Nayef

A unguwarmu Mahjar an daɗe ana cewa Abdulghani ɗan Goggo Rabi'a agogo ya haɗiya yana yaro. Wai agogon wani alhaji ne da ya sauka gidansu, kuma har yau in ka kanga kunne a cikinsa za ka ji ƙas-ƙas. Wata tsohuwa a layinmu ta rantse da cikin nasa take gane lokacin buɗa-baki. Ƙarya ce tsagwaronta. Maɓallin riga ya haɗiya, shi ma washegari ya fito, akwai shaidu. Gaskiyar magana, duk zuri'armu ba a taɓa haifar sarkin latti kamarsa ba. Mutumin da ya iso walimar aurensa ana wanke faranti, matarsa Sajida har yau ba ta gama hucewa ba.

A nan Jidda aka haife shi, kakanmu ne ya zo Hajji ya ga wuri ya zauna. Makaranta ba ta karɓe shi ba, don kullum yakan tarar an rufe ƙofa. Sai ya gangara Abhur, bakin teku, ya shiga wankin jiragen ruwan masu shaƙatawa a wata marsa, wato inda ake ɗaure su. Daga soso ya koma sufana, ya zama makanikin da ake layi a kansa. Shekara goma sha yana kwance ƙarƙashin inji, baƙin mai har cikin kunne.

Can ya jiyo labarin wata gasa da ake yi a wasu ƙasashe, ta shiga ransa ta hana shi sakat. Ba tsere ba ne. Ana dasa tutoci a teku, a ba kowane direba taswira, ya yi lissafinsa ya faɗi lokacin da zai dawo. Sai a karɓe agogonsa da wayarsa, a rufe na jikin jirgin, ya tafi da kamfas da ƙarar inji kawai. Wanda ya fi kusa da lokacin da ya faɗa, shi ya ci. Mai gaggawa ya faɗi, mai nawa ya faɗi. Abdulghani ya bi mudir, wato manajan marsar, da naci har ya ce yalla, a gwada. Ranar da labari ya iso Mahjar cewa shi aka damƙa wa agogon mutane, Goggo Rabi'a ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa.

Sai dai akwai Ammu Nayef, baffan kowa a marsar. Tsoho ne mai farin gemu, tsohon dillalin kifi, shi ya koya wa iyayen rabin direbobin nan teku. Shi ya fara rubuta sunansa. A gasar farko shi aka fara saki, don wa zai fita gabansa? Ya kama hanya a hankali, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da finjalin gahawa. Mish'al, matashi mai inji biyu da zafin kai, ya cim masa kafin tutar farko. Ya rage wuta, ya yi sallama.

"Tafaddal ya waladi, wuce," in ji tsoho.

"La wallahi ya ammi, ni in watsa maka ruwa?"

Na bayansa ya iso, ya ga Mish'al bai wuce ba, shi ma ya lafa. Haka jirage ashirin suka dawo a jerin gwano kamar masu rakiyar amarya. Lissafin kowa ya rushe sai na Ammu, ya ɗauki kofi ya tafi gida yana murmushi.

Shekara ta biyu Abdulghani ya yi dabara, ya saki tsohon a ƙarshe. Sai duk suka taru a tutar farko suka kashe inji suna jiransa, har da masu jefa ƙugiya. Ya iso, suka ba shi hanya, aka sake rakiyar amarya. Mudir ya kira Abdulghani ofis.

"Halas, ya isa. Sau ɗaya ya rage maka. In na sake ganin layin nan, gasa ta mutu, ka koma ƙarƙashin injinka."

Sati guda Abdulghani bai ci abincin kirki ba. Hana Ammu shiga ba ya yiwuwa, barinsa ya shiga kuma mutuwar gasa ce. Sajida ce ta gaji da tagumin, ta ce, "Kai da ko mahaifiyarka ba ta isa ta sa ka zo da wuri ba, amma in Ammu ya aiko kiranka har takalmi kake mantawa. Su ma ai haka suke." Ya zuba mata ido, ya miƙe ya hau neman farar jallabiyarsa.

A majalisin tsohon sai da ya shanye finjali ya fi goma, ya kasa girgiza kofin, alamar ya ƙoshi.

"Ya walad, gahawar gidana ka zo ƙararwa ko magana ce da kai?"

"Ammi, bana so nake ka zauna a bakin gadar da jirage ke tashi. Kowane direba ya sa hannunsa a naka, ya faɗa maka lokacin da zai dawo. Kai za a yi wa alkawari, kai za a zo wa."

"Wato korata ka zo yi daga teku."

"A'uzu billahi. In kana ciki ba mai iya wuce ka. In kana waje ba mai iya saɓa maka."

Tsoho ya shafa gemu. "Ɗayyib, na yarda. Amma alkawarin farko naka ne. Kai za ka ɗauke ni, ana sallame asuba in gan ka a ƙofata. Na san tarihinka, har na walima. In na fito ban gan ka ba, jirgina na nan da mai cike."

To fa. Gasa gaba ɗaya ta rataya a wuyan sarkin latti. Dangi suka ɗauki abin kamar yaƙi. Sajida ta saita ƙararrawar waya huɗu, Goggo Rabi'a ta aiko da tata, maƙwabci ya yi alkawarin dukan ƙofa da taɓarya. Duk ba a buƙace su ba. Ladanin unguwar Ammu da ya zo buɗe masallaci, Abdulghani ya tarar zaune a dakali, rungume da kular Sajida, wadda a ciki ake tara agogon direbobi.

Hantsi na ɗagawa marsa ta cika. An shimfiɗa wa Ammu darduma a ƙarshen gada, ga lema, ga butar shayi. Direbobi suka bi layi, kowa ya sumbaci goshinsa ya faɗi lokacinsa, ya jefa agogo a kula. Abdulghani ya hura usur, jirage suka fita ɗaya bayan ɗaya. Ya hau kan durom da tabaron hangen nesa. Can wajen tutar farko wani jirgi ya cim ma wani. Na bayan ya kauce, ya ɗaga hannu, ya wuce fuu, ya bar farin kumfa.

"Ya wuce shi! Wallahi ya wuce shi!" Ya daka tsalle, durom ya kife, ya tashi bai ko kakkaɓe jallabiya ba.

Mish'al ne ya fara dawowa, inji na kuka, ya riga lokacinsa nesa ba kusa ba. Ammu ya leƙa agogon da ke cinyarsa, ya dube shi sama da ƙasa. "Ka faɗo mini ban gama shayina ba, ya waladi. Haka ake shiga gidan mutane?" Yaro ya rasa inda zai sa fuskarsa. Wani ya makara, tsoho ya ce har ya fara tunanin aika wa iyalinsa ta'aziyya. Sai ga Nuf, wata likitar haƙori mai ɗan ƙaramin jirgi, ta lallaɓo ba gaggawa ba nawa. Hancin jirginta na taɓa layin ƙarewa Ammu ya ɗaga agogo sama ya ce, "Haka ake alkawari." Gada ta kaure da tafi. Mudir ya dafa kafaɗar Abdulghani ya ce baɗi a ƙara tutoci.

Ni ma an gayyace ni, har da kujerar gaba. Da na iso, na same shi yana rarraba agogo daga kula, ana naɗe darduma. Na kanga kunne a cikinsa na ce, "Ɗan Goggo, ashe dai maganar mutanen Mahjar gaskiya ce, ga shi ina jin ƙas-ƙas."

Ya ture kaina ya ce, "Yunwa ce kake ji, tun asuba ban karya ba. Kai kuwa ko hasumiyar agogon Makka ka haɗiya, sai an naɗe darduma za ka iso. Ungo kula, kai wa Sajida, zan ce mata ta sa rai da kai jibi."